Maganin Ƙwarin Waken Babanmu a Kotun Gabon

Tun ran da na dawo daga Gabon ban huta da tambaya ba. Tsofaffin abokan aikina na makarantar firamare su zo su tambaya, matan unguwa su tambaya, 'yan gidanmu ma kowa da irin tasa. Da gaske ne na shiga kotu? Da gaske ne na yi wa alƙali waƙa? Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kuma duk guntun da na bayar sai in tarar na tsallake wurin da ya fi nauyi. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi duka, a karanta kowa ya huta.

Babanmu, Allah ya ji ƙansa, ajiyar wake ce sana'arsa a garinmu can ƙasar Gumel. Yana da wani garin magani da yake haɗawa da ƙwallon darbejiya da barkono da tokar karan gero, in ya barbaɗa wa wake sai ya shekara ƙwaro bai taɓa shi ba. Kowa ya san kayan haɗin, amma awon da yadda ake jera su sirri ne. Mutum biyu kaɗai ya koya wa: wana Yaya Sale, da ni Talatu, don ni nake dakan. Dukanmu sai da ya sa muka yi alkawarin ba za mu faɗa wa kowa ba.

Shekarata goma sha biyu a lokacin, ga ni da mantuwa. Kullum sai na sha ranƙwashi saboda na rikita awo. Sai na yi dabara na mayar da awon waƙa, ina daka ina rerawa. Wata rana aka yi dakan biki a maƙwabta, aka ce kowace yarinya ta kawo waƙa, ni kuwa bakina ba ya shiru, na saki tawa. Kafin kaka ta zagayo kowane gida na haɗa maganin Baba, ajiya ta daina zuwa. Baba ya ɗora laifin a kan Yaya Sale, saboda yana abota da 'ya'yan wani abokin hamayyarsa a kasuwa. Yaya ya rantse har ya gaji, aka yi kalamai marasa daɗi, ya ɗauki jakarsa ya bar gari. Daga Legas sai Kalaba, daga can sai Gabon. Har Baba ya rasu ba su shirya ba, Yaya bai sake taka garinmu ba, ni kuma ban taɓa buɗe baki na ce ni ce ba. Shekara arba'in ke nan.

To, ana nan sai ga wayarsa. Ashe a Libreville ma da maganin yake ci da iyalinsa, yana ƙulla shi a leda yana sayar wa 'yan wake da masu lambu. Wani kamfanin magungunan gona ya ce shi yake da takardar mallakar wannan haɗin, wadda can suke kira burebe, ya sa ma'aikacin kotu ya garƙame masa sito.

“Talatu, ki zo ki faɗa musu gadon ubanmu ne,” in ji shi. “Ki zo da kayan haɗin daga gida, har da ƙaramin turmi. Ki ce musu sirrin gidanmu ne, babu wanda ya sani sai mu.”

Na ce, “To, Yaya.” Na ajiye waya.

Jirgin sama na ƙi, don tun zuwana Makka kunnena bai yafe mini ba, ga kuma kaya. Aka haɗa ni da Hajiya Kande, wata mai fataucin kilishi da turaren wuta da ta san hanyar kamar tsakar gidanta. Gajeriya ce, ga faɗa, Faransancinta bai wuce kalma ashirin ba, amma da su take tayar da direba daga barci ta kuma sa ɗan sanda ya ba ta haƙuri. Daga Kano muka yi Yola, muka tsallaka Kamaru, muka kwana Garwa a gidan wata ƙawarta inda aka yi ta yi mini Fillanci ina murmushi kamar na gane. A Ngaundare muka hau jirgin ƙasa zuwa Yawunde. A wata tasha na ga mata suna tallan wani abu dogo naɗe a ganye, na ce alale ne, na sayi uku don rowa ba halina ba ce. Na kwance na kai baki, sai na ji wani abu mai danƙo da tsami, ga wani wari. Hajiya Kande ta yi dariya har da riƙe ciki.

“Rogo ne, Malama. Manyok. Ki saba da shi tun yanzu, daga nan har Gabon shi ne tuwonki.”

Ta yi gaskiya. Kafin in dawo ni nake neman sa da kaina, in haɗa da soyayyen kifi da yaji.

A kan iyakar Gabon ne turmina ya jawo mana tsaiko. Takarduna lafiya lau, har da wasiƙar gayyata daga lauyar Yaya. Amma da wani jami'i ya buɗe jakata ya ga turmi da taɓarya da gwangwani cike da gari mai ruwan toka, sai ya kira abokan aikinsa. Hajiya Kande ta yi ta ɗaga masa hannu tana cewa kada ya shinshina, shi kuwa ya ɗauka tsoro ne ya kama mu, ya cusa hanci cikin gwangwanin ya ja. Ban taɓa ganin namiji ya yi atishawa irin wannan ba. Hularsa ta faɗi, hawaye da majina suka haɗu, abokansa suka koma bayan ofis suna dariya. Muka zauna a benci wajen awa uku. Wani Bazazzagi mai gasa nama a bakin hanya aka kira ya yi tafinta, ya bayyana musu cewa maganin ƙwarin hatsi ne. Da za a sallame mu, jami'in nan, idonsa jajur, ya matso ya ce a tambaye ni ko yana yi wa masara, don mahaifiyarsa na fama da ƙwari a ƙauye. Na ƙulla masa kaɗan.

Daga nan sai daji. Ni da na tashi inda ake hango raƙumi tun yana nesa, kwana biyu ban ga inda sama ta haɗu da ƙasa ba. Itatuwa sun rufe ko'ina, manyan motoci ɗauke da gungume suna wuce mu kamar za su tafi da gefen motar. A Bitam muka sauka a gidan wani ɗan Maraɗi mai kanti, na yi alwala na tayar da sallar la'asar da ƙarfin gwiwata, matarsa ta jira na sallame sannan ta ce cikin ladabi gabas tana bayana.

A tashar Libreville na ga wani dattijo da farin gemu yana leƙa fuskokin fasinjoji, tsayuwarsa da yadda ya goya hannu a baya duk na Baba. Na ce, “Yaya?” Ya dube ni ya ce, “Talatu, ke ce kika tsufa haka?” Na ce ai shi yaro ya koma. Muka yi dariya, sannan na fashe da kuka a gaban mutane ban ji kunya ba.

Gidansa yana can Angondjé, wajen Akanda. Matarsa Hajiya Mariyama 'yar Damagaram ce, doguwa mai sanyin magana, irin matan da za su yi maka ba'a sai ka isa gida ka gane. Ita ta koya mini hawa tasi. A can ba a tsayawa ciniki. Mota za ta rage gudu, ki faɗi inda za ki da abin da za ki biya, in direba ya yarda ya danna oda, in bai yarda ba ya ja motarsa ko kallon ki ba zai yi ba. Ran farko ni da gaisuwa na fara, na tambayi direba gida da iyali, kafin in kai ga gajiya ya kai mahaɗa ta gaba. Mota huɗu na rasa haka. Burodinsu dogo ne kamar taɓarya, kowa ya saƙalo shi a hammata da safe ba ko leda. Ruwa kuma ba ya sallama, kina shanya kina kwashewa.

Kwana biyu da zuwana na ji ana daka a bayan gida, ana waƙa ƙasa-ƙasa. Na tsaya cak. Hajiya Mariyama ce take rerawa:

Bedi mudu uku, a shanya a inuwa,
Barkono mudu guda, kau da kai ki daka,
Tokar kara mudu biyu, ta kwana ta huce,
Ƙwaro, nemi gidan wani.

Waƙata ce, kalma ɗaya kawai ta canza, don su darbejiya bedi suke ce mata. Na ce, “Hajiya, ina kika samo wannan?”

“Wannan? Wurin innarmu mana, tun ina 'yar makaranta a lakwal. Duk matan kartiyenmu, unguwa kaf, sun iya ta.”

“Yaya ya san kin iya?”

Ta jingine taɓarya tana dariya. “Elhaji? Da muka yi aure ya kulle ƙofa, ya sa na yi alkawali, ya ce zai koya mini babban sirrin gidansu. Na zauna na yi shiru har ya gama. Mi zan ce mishi? Shekara ashirin ina rera ta a bayan tagarshi. Kin taɓa ganin namijin da ya tsaya ya ji mi mata ke cewa bakin turmi?”

Na yi dariya tare da ita, amma ranar ban iya cin abincin rana ba.

Washegari muka tafi Plaine Orety ofishin lauya. Mace ce 'yar ƙasar, Metir ake ce mata, haka suke kiran lauyoyi. Tana ganina ta taso ta manna mini kumatunta dama da hagu, na sandare kamar an dasa ni. Ba ta jin Hausa, ni ba na jin Faransanci, saboda haka Yaya ne tafinta. Ya gyara zama ya ce in faɗa mata. Na faɗi abin da ya ce in faɗa: gadon ubanmu ne, sirri ne, babu wanda ya sani sai mu biyu. Yana fassarawa yana ɗaga kai don alfahari.

Ina kallon fuskar Metir tana sauyawa. Ta cire tabarau ta yi magana mai tsawo, Yaya na juya mini ita da ƙyar. Ta ce ita ba ta je kotu don a ce wa ya riga wa ba. Ta je ne ta nemi a soke takardar kamfanin, kuma hanya ɗaya ce: a nuna cewa haɗin ba sabo ba ne, jama'a sun riga sun san shi, da awonsa da komai, tun kafin kamfanin ya nemi takardar. Abin da aka ɓoye a cikin gida, a wurin doka kamar babu shi ne. In sirri ne da gaske, to takardar kamfani ta zauna daram, sito kuma ba zai buɗu ba.

Yaya ya juyo. Ya ce da ni da Hausa, “Kin ji wata shari'a? A garinmu mai riƙe sirri shi ne mutumin kirki. Nan kuma sai mai sakin baki ne yake da gaskiya.” Sannan ya gaya mata cewa a gaskiya sirrin ya taɓa fita sau ɗaya, da daɗewa, amma har yau bai san ta inda ya fita ba. Metir ta ce wannan ba hujja ba ce. Wa ya fitar, yaushe, a gaban su wa, kuma da awon ko ba da shi ba?

Hajiya Mariyama da ke zaune a gefe ta ce, “Elhaji, akwai waƙa hwa.” Ta rera ta tsaf a cikin ofishin. Yaya ya buɗe baki yana kallon matarsa kamar yau aka kawo ta.

“Tun yaushe kika iya wannan?”

“Tun kahin in san ka.”

Metir ta sa aka fassara mata baiti-baiti, ta jawo takardar kamfanin ta gwada, uku da ɗaya da biyu, har da shanyar inuwa. Ta miƙe tsaye don murna, sannan ta koma ta zauna. Ta ce lauyoyin kamfani za su ce makon jiya muka ƙirƙiri waƙar. Mata za su iya shaida cewa sun daɗe da sanin ta, amma ana bukatar tushe: wanda ya yi ta, da lokacin da ba za a iya musawa ba.

Ina kallon hannun Yaya a kan gwiwarsa, duk ya yi kanta saboda ƙullin leda. Na tuna in na yi shiru a yau, sau biyu ke nan na raba shi da abincinsa. Tsoro nake ji ƙwarai.

Na ce, “Yaya, ka fassara mata. Ni na yi waƙar.”

Ya fara fassarawa kafin maganar ta shige shi, ya kai tsakiya ya tsaya. Ya juyo.

“Me kika ce?”

“Ka fassara, Yaya. In na tsaya ba zan iya ci gaba ba.”

Haka aka yi. Ina faɗa da Hausa, shi yana maimaitawa da Faransanci da bakinsa: ranƙwashin, da dakan bikin, da yadda gari ya ɗauka, da yadda aka ɗora wa wana laifi ina tsaye a bayan ƙyaure ban ce komai ba. Bai ƙara duban inda nake ba. Metir kuwa, baiwar Allah, alƙalaminta har gudu yake. Ta tambayi shekarar da ya bar gida, ya ce yana da tsohon fasfo da katin zamansa na farko. Ta tafa hannu ta ce shi ke nan, ranar da ya shigo Gabon ita ce hujjar lokaci, babu lauyan da zai musa hatimin kan iyaka. Sai da ta ɗago ta ga fuskokinmu sannan ta ajiye alƙalamin a hankali.

Muka koma gida a tasi. Kwana huɗu Yaya yana amsa gaisuwata da kalma ɗaya. Hajiya Mariyama ce ta shiga gidajen Hausawa ta tattaro mata bakwai, daga Maraɗi da Damagaram da Haɗeja har da wata 'yar Garwa, kowace da irin karin da take rera waƙar, awon dai bai canza ba.

Ranar da aka saurare mu ba a babban zaure ba ne, wani ɗaki ne a cikin kotun, alƙali da magatakarda da tafintan kotu da lauyoyin ɓangare biyu. Na ba da shaidata. Lauyan kamfani ya tambaya ko ina da takardar shaidar ilmin haɗa magunguna, na ce a gaya masa ina da shaidar ranƙwashi a tsakar kaina in yana son ya taɓa. Tafinta ya yi tari ya fassara wani abu gajere. Alƙali ya ce in rera. Na rera, matan nan bakwai suka amsa daga benci ba tare da an ce su amsa ba, magatakarda ya rasa abin da zai rubuta. Aka karɓi turmina da gwangwanin a matsayin hujja, har yau suna can. An ce hukunci sai nan gaba.

Ran da zan taho Yaya ya rako ni tasha da kansa. Hajiya Kande tana can tana faɗa da mai lodin kaya. Muka tsaya a gefe. Na ce, “Yaya, ka yafe mini.”

Ya dube ni. Sannan ya ce, “Yarinya ce ke ran da kika yi waƙar, wannan ba komai. Amma kin girma, Talatu. Kin yi aure, kin haihu, kin koyar da 'ya'yan mutane faɗin gaskiya. Baba ya rasu yana ganin ni maci amana ne.”

Na ce, “Haka ne, Yaya.”

“Na yafe miki tsakanina da ke,” in ji shi. “Amma a can gida har yanzu ni ne ɓarawon sirri. 'Ya'yan da aka haifa bayana ma haka aka gaya musu. Ki koma ki faɗa musu da kanki, kowa da kowa, kada ki rage komai. In kin yi, ki kira ni in san ko zan iya zuwa.”

Wata biyu da dawowata Hajiya Mariyama ta bugo tana guɗa a waya: kotu ta soke takardar kamfanin, an buɗe sito. Na yi murna har na raba goro a unguwa. Amma duk wanda ya tambayi dalili sai in ba shi labarin jami'in da ya yi atishawa, ko na tasi, ko na rogo a ganye, a yi dariya a tashi. Sau uku ina tara 'yan gida, sau uku ina ɓigewa da labarin burodi.

To, ga shi na rubuta tunda bakin ya ƙi. Na sa a buga kwafi a kai kowane sashe na gidanmu, a karanta wa waɗanda ba sa karatu, a kai wa gidan abokan Yaya na da waɗanda aka daina gaisawa da su saboda wannan magana. Sale bai ci amanar Baba ba, ko sau ɗaya. Ni ce, Talatu, kuma na san ni ce tun ranar da ya ɗauki jakarsa. Duk wanda ya taɓa faɗin wata magana a kansa, ya zo ya faɗa mini ita a fuskata, ina gida. In kun gama karantawa ku aiko a gaya mini, don in samu in kira shi.